Rabe-Raben Masu Haɗa Kwamfutar Wasa a Kakangi da Kewaye

Kwamfutar wasa, wadda matasa suka fi kira kwamfutar gem, na'ura ce ta tebur da ake harhaɗawa daga sassa daban-daban domin ta iya ɗaukar wasannin bidiyo masu nauyi, kuma abin da ya raba ta da laftof ko wayar hannu shi ne mai ita ne yake zaɓen kowane sashe, ya saye shi inda ya ga dama, sannan ya ɗaura shi da hannunsa ko da hannun wanda ya yarda da shi. Da yake zaɓin a hannun mutum yake, jerin kayan da saurayi ya rubuta a takarda yakan bayyana halinsa fiye da yadda yake bayyana iliminsa, kuma wannan ne ya sa ake iya karkasa masu wannan buri zuwa rukunai da ba sa ɓuya ga duk wanda ya taɓa zama a majalisarsu.

Kakangi, wanda yake yammacin ƙasar Birnin Gwari a Jihar Kaduna, cikin yankin manoman masara da dawa da shinkafa da ke gefen dajin da ya haɗa Kaduna da Neja da Zamfara, wuri ne da ya dace da irin wannan nazari, saboda ba garin da mutum zai fita da hantsi ya dawo da kayan kwamfuta kafin azahar ba ne. Mai buƙata sai ya nufi Kaduna, tafiyar da ta haura kilomita 100 daga Birnin Gwari, ko Kano inda kasuwar Farm Centre da titin Beirut suke, ko Banex a Abuja, ko kuma ya yi oda daga Computer Village da ke Ikeja a Legas. Hanyar Kaduna ta shafe shekaru tana cikin hanyoyin da matafiya suke shakka saboda 'yan bindiga, kuma ko da yake abubuwa sun ɗan lafa bayan sulhun da ya kai ga sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamba na 2024, har yanzu ba a yin wannan tafiya don kawai a mayar da kayan da bai yi daidai ba. Sakamakon haka shi ne kwamfutocin da aka haɗa a bayan littafin makaranta sun fi waɗanda aka taɓa kunnawa yawa nesa ba kusa ba.

Sassan da ake taƙaddama a kansu ba su da yawa. Akwai furosesa, wato ɗan ƙaramin falle mai kusurwa huɗu da yake gudanar da lissafin na'urar, kuma kamfanoni biyu na Amurka, Intel da AMD, su ne suke da kusan duk wadda ake sa wa kwamfutar tebur. Akwai madabod, babban faifan da ake dasa sauran sassa a kansa, wanda yake ɗauke da soket, wato gurbin da furosesa take zama, kuma kowane soket yana da dangin furosesar da yake karɓa. Akwai ram, ma'ajiyar wucin gadi inda na'ura take riƙe abin da take aiki a kansa a daidai lokacin, sannan akwai ma'ajiyar dindindin, ko dai tsohuwa mai faifai mai juyawa ko SSD wadda babu abin da yake motsi a cikinta kuma ta fi sauri ƙwarai. Sai katin girafik, wanda yake zana hotunan da ake gani a monita sau da yawa a kowace daƙiƙa, kuma galibi shi ne mafi tsada. Sai fawa-fak, akwatin ƙarfen da yake karɓar wutar gida mai bolt 230 ya rage ta zuwa ƙaramar wutar da sassan suke iya sha. Sai akwati da fankokinsa.

Rukunin da ya fi kowane ɗaga murya shi ne na shehunnan da suka yi karatunsu gaba ɗaya a YouTube. Irin wannan malami ya san takamaiman gindin bishiyar da sabis ya fi tsayawa a garin, ya san sa'ar dare da data take sauƙi, kuma daga nan ne ya haddace cewa katin RTX 4090 na kamfanin Nvidia ya fito a watan Oktoba na 2022 a kan dala 1,599, kuma RTX 5090 ya biyo bayansa a Janairun 2025 a kan dala 1,999. Bai taɓa riƙe sukundireba da niyyar kwance kwamfuta ba, amma idan aka nuna masa katin da kuɗinsa ya fi ƙarfin kakarsa biyu ta noma, sai ya taɓe baki ya ce, "Ai wannan tsohon yayi ne, mutumina." Ilimin nasa na gaskiya ne, kuma sau da yawa alƙaluman da yake kawowa daidai suke, inda gizo yake saƙar shi ne malaman nasa suna magana ne daga ɗakuna masu sanyi a ƙasashen da wuta ba ta ƙyaftawa, kuma bai taɓa jin ɗayansu ya ambaci hazon hunturu ko kuɗin litar fetur ba.

Ƙaninsa na jini shi ne mai jira. Wannan yana da kuɗi a hannu, ko ya taɓa samu, amma kullum akwai dalilin ƙara haƙuri: ko ana rade-radin sabon kati zai fito, ko dala za ta sauko. Lokacin da ya fara tari ana canjin dala a hukumance a kan kusan naira 460, sai gwamnati ta sakar wa naira mara a watan Yuni na 2023, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, shi kuwa yana nan a kan bakansa na cewa a bari ta sauko. Kuɗin da aka ajiye a gidan Bahaushe kuma ba sa zama shiru, domin bikin ƙanwa zai taso, taki zai yi tsada, tayar babur za ta fashe, har a wayi gari abin da ya rage bai wuce na sayen maus da kibod ba, waɗanda yakan saya ya ajiye a ƙarƙashin gado a matsayin shaidar cewa niyya tana nan.

Akasin mai jira shi ne mai zuba duka a wuri guda. Da zarar an sayar da masara kuɗi sun shigo, sai ya tattara kashi mafi tsoka ya sayi katin girafik mafi girma da aljihunsa zai iya kaiwa, sannan ya waiwayo ya ga abin da ya saura ba zai sayi sauran sassan da suka dace da katin ba, sai ya cike gurbi da tsohuwar furosesa, da sandar ram guda ɗaya, da fawa-fak marar suna wanda aka rubuta wat 800 a jikinsa alhali nauyinsa bai kai na kwalin ashana goma ba. Abin da yake faruwa a nan shi ne kati yana iya zana hotuna da sauri, amma furosesa ba ta iya turo masa aiki daidai da saurinsa, don haka yakan zauna yana jira, tamkar babban injin ban-ruwa da aka haɗa da siririn tiyo: ƙara tana tashi, mai yana ƙonewa, amma ruwan da yake isa gona bai fi na ƙaramin inji ba. Mafi muni shi ne batun fawa-fak, domin shi ne sashe ɗaya da idan ya lalace yakan tafi da maƙwabtansa. Tun 2004 akwai tambarin 80 Plus da ake ba fawa-fak ɗin da aka gwada aka tabbatar yana isar da aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya sha, kuma duk da cewa tambarin ba lamunin inganci ba ne gaba ɗaya, rashinsa alama ce da mai hankali ba ya wucewa. Mai zuba duka yana ganin wannan sashe a matsayin ɓarnar kuɗi saboda ba ya bayyana a monita, kuma yakan canza ra'ayi ne ranar da ƙaurin ƙonewa ya cika ɗaki.

Mai ado kuwa bai damu da sauri ba. Burinsa akwati mai gefen gilashi, da fankoki shida masu fitilu da suke sauya launi daga ja zuwa kore zuwa shuɗi, ta yadda duk wanda ya leƙo ɗakin zai san an shigo da abin duniya. Bai lissafa cewa daga Nuwamba zuwa Fabrairu fankokin nan ƙurar hunturu za su riƙa zuƙowa suna shimfiɗawa a kan sassan ba, ko cewa da damina fitilun za su gayyato ƙwarin unguwa gaba ɗaya, gilashin kuma zai nuna wa baƙi gawarwakinsu dalla-dalla.

Wanda ya fi ban tausayi, kuma ya fi cancantar a tsaya a kansa, shi ne mai farautar araha, domin dalilinsa na gaskiya ne, kuma kasuwar kayan hannu ita ce kaɗai ƙofar da take buɗe ga mafi yawan matasan karkara. Akwai tarihin da ya kamata ya sani. Shekaru da dama an riƙa amfani da katunan girafik wajen haƙar kuɗin intanet, musamman Ethereum, inda ake jera ɗaruruwansu a manyan ɗakuna suna aiki dare da rana ba hutu, har zuwa 15 ga Satumban 2022 lokacin da Ethereum ya sauya tsarinsa aka daina buƙatar katunan. Nan take suka malalo kasuwannin duniya, kuma RX 580 na AMD, wanda ya fito a 2017, yana cikin waɗanda suka fi yawa. Da yawansu lafiyarsu ƙalau, wasu kuwa fankokinsu sun gaji, man da ke tsakanin sassansu ya bushe, an dai goge su an sa a sabon kwali. Akwai kuma wata tsohuwar damfara da ta shahara, inda ake ɗaukar tsohon kati irin GTS 450 na 2010 a sauya bayanan cikinsa ya riƙa kiran kansa GTX 1050 Ti, kuma akwai manhaja ta kyauta mai suna GPU-Z da take taimakawa wajen tona irin wannan asiri. Mai farautar araha bai cika tsayawa gwaji ba, saboda yana tsoron kada mai shago ya farga cewa ya yi kuskuren farashi, don haka yakan biya da sauri ya fice yana murmushi, mai shagon ma yana murmushi, kuma ɗaya ne kawai a cikinsu yake da dalili. Idan an dawo gida kati ya fara zana layuka masu launi a fuskar 'yan wasa, sai majalisa ta tuna masa cewa araha ba ta ado, alhali su ne suka zuga shi.

Dab da shi akwai mai sautu, wanda nisan hanya ya tilasta masa ya damƙa kuɗi da takarda a hannun direba, ko wani yayansa da ke karatu a Kano. Ɗan aiken yana isa kasuwa za a ce masa abin da aka rubuta ya ƙare, amma ga wanda ya fi shi, kuma kuɗin kusan ɗaya ne. Shi kuwa da zuciya ɗaya sai ya karɓo, yana ganin ya yi wa ƙaninsa gata. Ta haka ne furosesar Intel take isowa Kakangi tare da madabod mai soket AM4, wanda AMD ta fitar a 2016 kuma furosesarta kaɗai yake karɓa, ko ram na DDR5 ya zo wa madabod ɗin da DDR4 kawai yake ɗauka, alhali tsagar da ke ƙasan sandunan biyu ba a wuri ɗaya take ba, kuma da gangan aka yi haka don kada ɗaya ya shiga gurbin ɗaya. Tattaunawar da take biyo baya ta waya ba ta da tsawo. "Yaya, ba fa shi na rubuta ba." "To ai mai shagon ya ce wannan ya fi ƙarfi." Kuma gaskiya ne ya fi ƙarfi, sai dai zai nuna ƙarfinsa ne daga cikin kwali.

Ba a rasa 'yan mazhaba ba, masu bin Intel da masu bin AMD, waɗanda suke iya raba dare suna musu a kan kamfanonin da ba su san da zaman Kakangi a duniya ba. Binciken da bai buƙaci wahala ba zai nuna cewa su ne dai mutanen da suke rabuwa gida biyu a gidan kallo ranar wasan Barcelona da Real Madrid.

Bayan kaya sun taru, ko da sun dace da juna, sai fage ya koma hannun injiniyan unguwa. Galibi mai gyaran waya ne da yake haɗawa da cajin batura, kuma a sana'arsa gwani ne da ba a raina shi, domin yana iya farfaɗo da wayar da ta kwana a rijiya. Matsalarsa ita ce bai yarda akwai na'urar da ta fi ƙarfin saninsa ba, kuma karanta ɗan littafin da yake zuwa cikin kwalin madabod abin kunya ne a wurinsa. "Kawo nan, ai duk wuta ce," in ji shi, yana naɗe hannun riga. Ana shimfiɗa kayan a kan tabarma, yara sun yi da'ira, mai kaya yana tsugune zuciyarsa na dukan uku-uku. Furosesar AM4 tana da siraran ƙafafu 1,331 a ƙarƙashinta, kuma akwai 'yar alamar kusurwa uku mai ruwan zinare a gefe ɗaya da ake daidaitawa da irinta a jikin soket, ta yadda idan an dace sai ta faɗa da kanta ba tare da an danna ba. Injiniya ba ya duba alamar, kuma da ta ƙi shiga sai ya taimaka mata da babban yatsa. Abin da ya rage na yammacin nan yakan ƙare ne da allura a hannunsa, wani yaro yana haska masa tocilan waya, yana miƙe ƙafafun da suka lanƙwashe ɗaya bayan ɗaya, yana kuma ɗora laifin a kan Sinawa.

Daga nan sai batun man sanyaya, wani farin ko tokan mai mai kauri da ake ɗiga wa a bayan furosesa gwargwadon ƙwayar wake, domin ya cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani tsakaninta da ƙarfen da yake janye zafi. Injiniyoyi sun kasu biyu a nan: wanda yake matse kwalbar duka don a samu albarka, da wanda yake cewa man goge baki ma yana yi. Dukansu kuma suna iya mantawa da siririyar ledar da take manne a ƙasan ƙarfen, wadda aka rubuta a jikinta cewa a cire kafin a ɗaura. Babu kuma mai tunawa ya taɓa ƙarfen akwati kafin ya taɓa sassan, duk da cewa a busasshiyar iskar hunturu jikin mutum yakan tara 'yar wutar nan da take tartsatsi idan an cire riga, kuma tana iya illata ram. A ƙarshe dai za a danna maɓalli, fankoki su juya, fitilu su kama, monita kuwa ya tsaya baƙi ƙirin. Ɗaki ya yi tsit. Injiniya zai gyara murya ya yanke hukunci cewa kayan ba orijina ba ne, kuma a daidai wannan lokaci ne wani yaro ɗan shekara goma sha biyu yakan ce, "Oga, ba a jikin katin ake sa wayar monita ba?" An soke ta ne a jikin madabod, furosesar kuma irin wadda ba ta iya fitar da hoto da kanta ce. Za a gyara, hoto ya fito, sannan a kori yaron saboda rashin kunya.

Akwai rukunin da fasaharsa ba a kan na'ura take ba, a kan mahaifinsa take, wato mai fakewa da karatu. Hujjarsa mai ƙarfi ce, domin tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya ta kwamfuta, kuma ɗalibin karkara da bai taɓa riƙe maus ba yana shiga ɗakin jarrabawa da rauni na gaske. "Baba, ta karatu ce, yanzu komai da ita ake yi." Mahaifin, wanda ba ya fahimtar farashi sai an juya masa shi zuwa buhun taki ko buhun masara, yakan yi shiru yana lissafi, sannan ya nuna katin nan mai fanka uku ya ce, "To shi wannan, wane darasi yake koyarwa?" Amsar da aka saba bayarwa ita ce na zane-zane ne. A yi wa yaron adalci, ba ƙarya ce tsagwaro ba, domin na'urar da take ɗaukar wasa mai nauyi tana iya tace bidiyon biki, da tsara katin gayyata da fosta, kuma waɗannan sana'o'i ne da suke ciyar da matasa a Kaduna da Kano. Sai dai tambayoyin JAMB ba sa buƙatar katin girafik ko kaɗan, kuma asiri yakan tonu ne da tsakar dare lokacin da muryar mai sharhin ƙwallo ta ratsa katanga tana ihun an ci. Iyaye ma sun kasu: akwai wanda yake zare wayar wuta ya kulle a adakarsa sai an ga sakamakon jarrabawa, akwai kuma wanda yake tsayawa a bakin ƙofa na ɗan lokaci, ya jawo kujera, ya tambaya ko akwai Kano Pillars a ciki.

Duk waɗannan rukunai, in ban da ƙalilan, suna haɗuwa a wata babbar jam'iyya, ta masu mantawa da wuta. Tambayar da take rusa jerin kaya mafi tsari ba daga injiniya take fitowa ba, yawanci daga wata ƙanwa ce da take wucewa da tire: "Yaya, da wace wutar za ka kunna?" Madatsar Shiroro, mai ƙarfin megawat 600, tana nan a maƙwabciyar Jihar Neja tun 1990, amma wutar nefa ba abar da ake gina shiri a kanta ba ce a karkarar Birnin Gwari, don haka lissafin na janareta ne ko sola. Wat shi ne ma'aunin yawan wutar da na'ura take sha a lokaci guda. Katin RTX 3060 na 2021, wanda matsakaici ne, yana shan wat 170, idan aka haɗa da furosesa mai wat 65 da sauran sassa da monita, jimillar takan kai wajen wat 300 a tsakiyar wasa. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat 2,400 na awa guda a rubuce, amma irin na dalma da aka fi samu ba a so a zuƙe fiye da rabinsa idan ana son ya yi ƙarko, wanda hakan yake nufin kimanin awa huɗu na wasa, da sharaɗin ba a kunna fanka ko fitila a sauran gidan ba, sharaɗin da babu uwar da za ta sa masa hannu a watan Afrilu. RTX 4090 da shehin YouTube yake mafarki shi kaɗai yana shan wat 450, kuma kamfanin ya ba da shawarar fawa-fak mai wat 850, alhali ƙaramin janaretan Tiger da aka fi gani a shaguna bai kai wat 1,000 ba ko a ranar da yake cikin nishaɗi, ga shi wutarsa tana hawa da sauka. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, farashi ya kusa ninkawa uku cikin 'yan kwanaki, kuma kowace awa ta wasa a kan janareta ta zama abin da ake tattaunawa a gaban maigida. Da damina kuma akwai tsawa, wadda ba ta tambayar kuɗin da aka kashe.

Haka batun data yake. Wasu daga cikin wasannin Call of Duty sun haura giga 100, abin da ba a saukewa a gindin bishiya, don haka akan cika ma'ajiya da wasanni tun daga shagon birni. Mutanen yankin kuma ba su manta ba cewa daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021 an rufe layukan sadarwa a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomin Kaduna saboda matsalar tsaro, kuma wasan da ba ya tashi sai da intanet ba shi da amfani a irin wannan hali komai tsadar katin.

Ranar da na'ura ta tashi lafiya, wani rukuni da ba a gan shi lokacin tara kuɗi ba yakan bayyana, wato 'yan a-ba-ni-hannu, masu cika ɗaki har bakin ƙofa suna jiran a miƙo musu fad, abin riƙewar da ake buga wasa da shi. Ba su ba da sisi ba, ba za su kawo fetur ba, amma su ne suke da ra'ayi mafi zafi a kan cewa da an ƙara kuɗi kaɗan da an sayi wanda ya fi wannan. A nan ne kuma wata gaskiya take fitowa fili, wato bayan duk musun da aka sha a kan katuna, wasan da ake bugawa ƙwallo ne: FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, ko PES, wanda ya koma eFootball a 2021, sai kuma GTA V, wanda ya zo kwamfuta tun 2015. Tsofaffin fitowar waɗannan wasanni ba sa neman katin miliyoyin naira.

Saura mutum guda, wanda majalisa ba ta ɗauke shi a bakin komai ba. Shi ya fara ne da duba fanel ɗin sola da batirin gidansu, ya ga abin da za su iya bayarwa bayan magariba, sannan ya zaɓi kayan da suka shiga cikin wannan iyaka. Ko dai ya sayi tsohuwar kwamfutar ofis ta hannu irin Dell OptiPlex mai babban akwati, ya ƙara mata SSD da katin GTX 1650 na 2019, wanda yake shan wat 75 kuma yawancin nau'o'insa ba sa buƙatar wata wayar wuta ta daban. Ko kuma ya ɗauki Ryzen 5 5600G, furosesar da take da nata sashen zana hoto a ciki, ya haɗa ta da sandunan ram biyu masu giga 8 kowanne maimakon guda ɗaya mai 16, saboda biyun suna aiki kafaɗa da kafaɗa su ƙara mata sauri, ya bar gurbin katin girafik a buɗe sai kaka mai zuwa. Na'urarsa ba ta walƙiya, shehin YouTube ya ce ba kwamfutar gem ba ce, mai ado ya ce kamar ta sakatariyar ƙaramar hukuma, shi kuwa ko a jikinsa. Yana lulluɓe ta da zane idan ya gama, yana hure mata ƙura lokaci zuwa lokaci, yana zare ta daga wuta da zarar hadari ya haɗu, kuma a ɗakinsa ne masu sukar suke kwana suna jiran layi.

Wanda ya tsinci kansa a ɗaya daga cikin waɗannan rukunai, kuma kuɗinsa suna hannunsa tukuna, ya fara auna wat nawa gidansu yake iya bayarwa da daddare, ya rubuta sunan madabod da soket da irin ram ɗin da yake karɓa a takarda ɗaya, ya gaya wa ɗan aike cewa ko an ce akwai wanda ya fi kada ya karɓa sai ya kira, kuma kada ya biya kuɗin katin girafik na hannu sai an kunna masa wasa da shi na rabin awa a gabansa a cikin shagon.